Jirgi Mai Jar Wutsiya da Tsibiri na Goma

A can tsakiyar teku akwai wasu tsibirai da ake kira Sarandu, masu farin yashi da dogayen itatuwan kwakwa. A taswira tara ne. Amma masuntan wurin sun san akwai na goma, wanda yake tasowa daga cikin ruwa da hantsi, ya nitse kafin rana ta faɗi. Duk wanda ya hango shi sai ya juya kwalekwalensa ya kama bakinsa.

Likita Magajiya ba ta san da wannan ba ranar da ta iso hutu ita da mijinta. Likitar dabbobi ce daga Malumfashi, mace mai zafin rai, wadda ko bijimin da ya fi kowane taurin kai idan ya ji tsawarta sai ya tsaya. Sai da ta cika shekara arba'in ta je Zariya ta koyi tuƙin ƙaramin jirgin sama, don sha'awa kawai, har ta samu lasisi. Mijinta kuwa, Malam Nalado, malamin tarihi ne mai sanyin hali, wanda ko tsani ba ya son hawa.

A ƙaramin filin jirgin da ke babban tsibirin suka tarar da mai ba da hayar jirage, ashe Bahaushe ne, ana kiransa Alhaji Barau. Ya tarbe su da dariya, haƙorin makka na walƙiya a bakinsa.

"'Yan'uwana! Yau ga gida ya zo mini har Sarandu," in ji shi. "Hajiya, ke ba zan ba ki jirgin da nake ba kowa ba. Ga mai jar wutsiyar can, shi nake ajiye wa nawa. In kin wuce tsibiri na tara ki miƙe gabas kaɗan, za ki ga abin da ba ki taɓa gani ba."

Malam Nalado ya ce shi dai zai jira su a inuwa. Magajiya ta harare shi.

"Haba Malam! Shekara biyar ina tuƙi ba ka taɓa zama kusa da ni ba. Yara ƙanana ma suna shiga."

Kunya ta kama shi a gaban baƙon ido, ya ɗauki flas ɗin shayinsa ya shiga yana salati.

Suka tashi da hantsi. Tsibiran suka baje a ƙarƙashinsu ɗaya bayan ɗaya, ruwa shuɗi garau, har ana ganin inuwar jirgin tana gudu a kan yashin ƙasan teku. Har Malam ya fara sakin jiki yana nuna mata garken kifaye. Da suka wuce na tara ta karkata gabas. Nan take allurar kamfas ta kama juyawa kamar ta haukace, rediyo ya yi shiru, teku ta tsage biyu, wani baƙin tsibiri ya taso ruwa na kwarara daga duwatsunsa.

Kafin ta juya, sai ga wani ƙato ya miƙe daga kan tsibirin, tsawonsa ya fi giginya uku, jikinsa kamar guguwa aka ɗaura wa ɗamara. Ya cafke jirgin da hannu ɗaya, farfela ta tsaya cak, ya dire su a kan wani falalen dutse.

"Ya ke bil'adama," in ji shi da murya kamar tsawa, "ni ne Barde, mai tsaron ƙofar Sarauniya Dalbuwa, uwar iskokin teku. Ki fito ki amsa laifinki."

Magajiya ta banko ƙofa ta diro. Tsoro na nan, amma fushi ya danne shi.

"Laifin me? Ka kusa karya mini fiffike! Wa ya ba ka izinin taɓa jirgin mutane?"

Barde ya fito da Malam Nalado daga jirgin. Ya tasa su gaba har cikin wata fada da aka gina da ƙasusuwan manyan kifaye. A bakin ƙofar akwai gumaka uku farare fat, na gishiri, masu siffar mutane. Biyu suna tsaye. Na ukun ya tsage, rabinsa ya zube ƙasa.

Sarauniya Dalbuwa na zaune a kan karaga, gashinta na kaɗawa ko da yake babu iska a ɗakin. A gefenta wani saurayin aljani ne kwance, fiffikensa na dama a yage, ya kumbura ya yi baƙi, yana wari.

"Shekara bakwai ke nan," in ji Sarauniya, "da wannan jirgi mai jar wutsiya ya sare fiffiken ɗana Yarima yana shawagi a sararin gidansu. Tun ranar bai tashi ba, bai yi magana ba. Mun aika wa mai filin jirage da hadari, ya yi alkawari zai turo mana wanda ya yi tuƙin. Sau uku yana turowa, sau uku suna musu, mu mayar da su gishiri, mu mayar masa da jirginsa babu kowa. Ke ce ta huɗu. Ki amsa."

Sai a lokacin Magajiya ta gane abin da Alhaji Barau yake nufi da jirgin da yake ajiye wa nasa.

"Ranki ya daɗe, shekara bakwai da suka wuce ni ko kujerar jirgi ban taɓa zama ba! Ina can ina yi wa shanu allura. Wancan maci amanar ne ya turo mu, kamar yadda ya turo waɗancan bayin Allah."

"Duk haka suka ce. Fuskokinku iri ɗaya ne a wurinmu, jirgin muka sani."

Sarauniya ta ɗaga yatsa ta nuna Malam Nalado. Ya yi ƙara. Ƙafafunsa sun koma fari tun daga tafin sawu, gishirin yana hawowa a hankali zuwa idon sawu.

"Da shi za mu fara. In rana ta karkata zai kai masa wuya, in tsibirin ya nitse ke ma ki bi shi."

Magajiya ta yi kukan kura za ta cakumi Sarauniya, Barde ya tare ta da ɗan yatsa. Malam Nalado ya ce da ita a hankali, "Magajiya, bar faɗan. Dubi fiffiken can. Ai aikinki ne."

Ta juya ta duba. Idonta na likita ya ga abin da fushi ya hana ta gani: a tsakiyar kumburin akwai wani abu mai ƙyalli.

"Ranki ya daɗe, ni likitar dabbobi ce. A bar ni in taɓa shi."

Fadar ta ɗauki gunaguni. Sarauniya ta miƙe tsaye. "Ɗana ne dabba?"

"Ɗanki ɗanki ne, amma fiffike fiffike ne. Na ɗinka na shaho, na ɗinka na jimina. Ɓallin farfela ne ya maƙale a ciki, shi ke cin sa. Shekara bakwai kuna mayar da mutane gishiri, ba wanda ya cire masa!"

"Ba ma iya taɓa ƙarfen da ya shiga namanmu," in ji Sarauniya, muryarta ta ɗan sauka. "In kin warkar da shi, mijinki ya tsira. Amma zaren mutane ba ya riƙe namanmu, sai zaren Tautau da ke ƙarshen Kogon Muryoyi. Ruwan teku ba ya wanke ciwonmu, sai na Rijiyar Tsohuwa. Ki samo su da ƙafarki."

Barde ya kai ta bakin kogon ya tsaya. "Ya ke bil'adama, za ki ji magana a ciki. In kika mayar da ko kalma ɗaya, harshenki zai zama gishiri a bakinki."

Ta shiga. Ba ta yi taku goma ba muryoyi suka taso mata ta ko'ina. Ta ji muryar abokan aikinta suna dariya: "Mace da tuƙin jirgi! Ta ƙare da jakuna ta koma sama." Ta ji muryar ƙanwar mijinta: "Mun faɗa masa wannan matar ita ce ajalinsa." Amsa ta taso mata har maƙogwaro, amsa mai zafi wadda da a gida ne sai an kwana uku ana ba da labarinta. Ta cusa gefen gyalenta a baki ta cije. Can sai ga muryar Alhaji Barau, yana dariya: "'Yar'uwata! Yaya kika ga tsibirin?" Ta cije gyalen har haƙoranta suka huda shi, hawayen takaici na zuba, ta ci gaba da tafiya.

A ƙarshen kogon ta tarar da Tautau, gizo-gizo mai girman raƙumi, yana saƙa. Ya dube ta da idanunsa takwas.

"Shekara ɗari uku ban ga wanda ya iso nan da harshensa ba. Ga zare, ki tafi. Fuskarki tana ba ni tsoro."

Daga nan Barde ya nuna mata wani tudu mai kaifin duwatsu. Ta hau da rarrafe, tafin hannunta ya yanke, takalminta ɗaya ya faɗa kwazazzabo. A ƙolin tudun ga rijiya, ga wata tsohuwar aljana mai ido ɗaya zaune a bakinta. Babu guga, babu igiya.

"Ruwan nan ba a jawo shi, shi yake hawowa," in ji tsohuwar. "Tambaya ɗaya ce. Wa ya jefa mijinki cikin wannan hali?"

"Barau, la'ananne!"

Ruwan ya yi ƙasa da kamu goma.

"To, Sarauniyarku ce, marar imani!"

Ruwan ya ƙara nitsewa, har ba a ganin ƙyallinsa. Magajiya ta ɗaga kai ta ga rana ta wuce tsaka. Ta dafa bakin rijiyar.

"Ni ce," ta faɗa daga ƙarshe. "Ya ce ba ya so. Na kunyata shi a gaban mutum, ya shiga don kada in ji haushi."

Ruwan ya taso har ya taɓa yatsunta. Tsohuwar ta cika mata ƙwarya. "Waɗancan biyun ma suna da nasu kason," in ji ta, "amma naki ne kawai kike da ikon faɗa."

Da ta koma fada gishiri ya kai wa Malam Nalado ƙirji, numfashi yake da ƙyar. Ba ta tsaya kallonsa ba. Ta ɗauko filaya da allura daga akwatin jirgin, ta ce Barde ya danne mata kafaɗun Yarima. Ta wanke ciwon, ta tsaga kumburin, ta kama ɓallin ƙarfen ta fizge. Yarima ya yi wata ƙara da ta girgiza ƙasusuwan fadar. Baƙin ruwa ya kwarara. Ta sake wankewa, ta ɗinke da zaren Tautau, ɗinki talatin da ɗaya. Tana ƙulla na ƙarshe baƙin ya fara washewa, fiffiken ya motsa.

Yarima ya buɗe ido. "Uwata," ya ce, "ba wannan ba ce."

Sai Yarima ya ci gaba:

"Namiji ne, mai haƙori ɗaya na zinariya. Da gangan ya sauko kaina don mutanen da ya ɗauko su gan ni da kyau. Da na faɗi ina jini, sai ya sake kewayowa don su ɗauki hotona. Na ga bakinsa yana dariya."

Sarauniya ta sauke yatsanta. Gishirin ya zube daga jikin Malam Nalado kamar gari, ya durƙushe yana tari. Gumaka biyu na bakin ƙofa suka farfashe, wani dattijon Bature da wata mata 'yar Sinigal suka faɗo ƙasa suna numfashi. Na ukun bai motsa ba.

"Wancan fa?" in ji Magajiya.

"Ruwan sama ya cinye shi tun bara. Ba mu da ikon dawo da abin da ya narke."

Magajiya ta je ta durƙusa gaban tulin gishirin. Ta tona da hannu ta zaro wani ɗan kati, lasisin tuƙi ne, da hoton wani matashi mai faffaɗan murmushi. Kwabena Ofori, daga Kumasi. Shekararsa ashirin da tara. Ta miƙe ta juyo wurin Sarauniya.

"Ranki ya daɗe, kin ce fuskokinmu iri ɗaya ne a wurinku. To kunnuwa fa? Ba ku da su? Yaron nan ya gaya muku ba shi ba ne. Su ma sun gaya muku. Ɗanki yana da uwa, shi wannan daga dutse ya fito?"

Barde ya ɗaga hannu zai murƙushe ta. Sarauniya ta hana shi. Gashinta ya daina kaɗawa, ya kwanta a kafaɗunta.

"Ba a taɓa yi mini magana haka a fadata ba," ta ce. "Kuma ba ki yi ƙarya ba. Wannan jinin yana wuyana. Amma wanda ya turo shi yana can yana shan inuwa. Ya binne ƙarfe ya kewaye filinsa, ba ma iya ƙetarewa sai in ɗan Adam ne ya shigar da mu da hannunsa. Ki ɗauki Barde."

Malam Nalado ya kama hannun matarsa. "Magajiya, mutum ne fa za mu miƙa musu."

"Mutum biyar ya miƙa, Malam, har da ni da kai. In muka bar shi, wata zai sake kira 'yar'uwa." Ta juya ga Sarauniya. "Da sharaɗi biyu. Ba za a taɓa shi ba sai Yarima ya ga fuskarsa, kuma an saurari abin da zai ce. Sannan daga yau babu jirgin da za ku ƙara kamawa."

"Na rantse da abin da ya raba ruwa da sama," in ji Sarauniya.

Barde ya dunƙule ya zama 'yar guguwa, Malam ya zubar da sauran shayinsa, guguwar ta shige cikin flas aka rufe. Su huɗu suka shiga jirgi. Babu filin gudu a kan dutsen, kuma ruwa ya fara haurowa tsibirin. Yarima ya miƙe a karo na farko cikin shekara bakwai, ya buɗe fukafukansa ya kaɗa sau ɗaya. Iskar ta ɗebi jirgin ta cilla shi sama, injin ya kama, Magajiya ta daidaita shi ta nufi yamma.

Da la'asar sakaliya Alhaji Barau ya hango jar wutsiya tana saukowa. Ya saba jirgin ya dawo masa babu kowa, don haka ya taho a natse, yana goge hannu da tsumma. Ƙofa ta buɗe, Magajiya ta sauko da takalmi ɗaya, hannunta duk jini. Bayanta ga Malam, ga Baturen, ga 'yar Sinigal. Tsumman ya faɗi daga hannunsa.

"'Yar'uwata..."

"Kada ka ƙara kirana haka."

"Hajiya, ki saurare ni. Hadari suka yi ta turo mini, zai share filin nan ne gaba ɗaya. Ina da iyali. Da na je da kaina kashe ni za su yi!"

"Shi ya sa ka zaɓi baƙi masu yarda da kai, har da masu jin yarenka?" Ta ɗaga katin ta kai masa har hanci. "Ka san wannan?"

Ya kalli hoton ya kawar da kai. "Ban tuna ba. Mutane da yawa suna zuwa."

Da ya ce ya tuna, da wataƙila hannunta ya yi nauyi. Ta karɓi flas ɗin daga hannun Malam ta murɗe murfin. Guguwa ta fito ta miƙe har ta tokari gajimare, kwanon rumfar jirage ya kama ƙara. Alhaji Barau ya juya da gudu, bai yi taku uku ba Barde ya ɗauke shi kamar ɗan tsako.

"Ya kai bil'adama," in ji Barde, "ana kiranka a fada. Za a saurare ka, abin da ba a yi wa waɗanda ka turo ba."

Guguwar ta yi gabas da shi, ihunsa na raguwa har ya ɓace. Ma'aikatan filin suka fito daga inda suka ɓuya.

Baturen ya zauna a ƙasa yana shafa yashi yana kuka. Matar 'yar Sinigal ta yi nuni tana son waya, amma yatsunta sun sandare, ba ta iya dannawa. Ta faɗi lambar, Magajiya ta danna mata, ta riƙe mata wayar a kunne. Aka ɗauka. Wata yarinya ta yi magana a can, matar ta kira sunanta sau ɗaya, sai kuka ya ci ƙarfinta.

Malam Nalado ya samo ruwa ya zauna kusa da matarsa yana wanke mata yankan hannu.

"Malam, ka yafe mini," ta ce, ba ta dube shi ba.

"Na yafe tun muna sama. Kin huce?"

"Ban huce ba."

Ta juya katin, a bayansa akwai adireshi da sunan wata mata, an rubuta uwa a gefe. Ta daɗe tana kallon sunan.

"Gobe ba gida za mu ba," ta ce. "Akwai wadda take zaune a Kumasi tana jiran ɗanta. Ba zan bari ta ji a waya ba."

Malam Nalado ya ɗaure mata hannun da gefen rawaninsa, ya tashi ya je tambayar jirgin da ke zuwa Gana.